Ki Ɗebo Wuta a Maƙwabta, Miahuatl

Zuwa ga Miahuatl, gemun masarata mai taushi, ruwan farko bayan shekarun fari, uwar ɗan da ban gani ba tukuna.

Rana ta fito, masoyiyata! Ta fito, ta faɗi, ta sake fitowa, ni kuwa kullum sai na fita tsakar gida a nan Tollan na kalle ta kamar wawa. Duniya ba ta tashi ba. Amma wallahi ban yarda da haka ba sai jiya, da Atonal ɗan dako ya iso daga garinmu Xochimilco ya ce ya gan ki da idonsa a bakin kwalekwale, da ƙafa biyu da hannu biyu, kina yi wa Inna tsiwa. Na yi dariya har hawaye ya zubo.

Kin san irin shekarar da muka ci. Sanyi ya ƙone masara tun tana tsaye, maƙwabtanmu suka bi hanyar gaɓar teku neman abinci, da yawansu ba su dawo ba. Muna cikin haka sai ga ɗaurin shekaru, wato zagayen shekara hamsin da biyu, ya cika, abin da mutum ke gani sau ɗaya a rayuwarsa. Aka kashe kowace wuta a faɗin ƙasa, aka farfasa tukwane, aka zubar da duwatsun murhu a tafki. Aka ce in sabuwar wuta ta ƙi kamawa a kan tsauni, duhu zai zauna har abada, kowace mai ciki kuma za ta rikiɗe ta zama dabba ta cinye mutanen gidanta.

Ke? Ke da ba kya iya fige talotalo sai kin kau da kai?

Duk da haka ni na ɗaura miki abin rufe fuska na ganyen tsiron magey mai ƙaya, ni na saka ki cikin rumbu na ɗaure ƙofar. Kin tuna? Yatsunki sun leƙo ta tsagar kara, na riƙe su, sanyi ƙarara, ɗanmu yana harbi har na ji ta jikin rumbun. Ba ki yi kuka ba. Cewa kika yi in kin zama dabba da ni za ki fara. Ina ma na tsaya na ga fitowarki! Amma ni ɗan gudu ne na haikali, wuta na kamawa aka miƙo mini wani itace mai ƙaro yana ci, aka nuna mini arewa. Na ƙetare gonaki da duwatsu, mutane suna ihu suna miƙo karare don su kunna, ni kuwa zuciyata tana can cikin rumbu. Tartsatsi ya cinye mini hannu, ƙafata ta kumbura, abin da ya kwantar da ni a nan Tollan ke nan.

To, yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Atonal ya ce kowane gida a layinmu yana hayaƙi ban da namu. Wai kin rantse ba za ki karɓi wutar kowa ba sai wadda mijinki ya kawo, kina cin wainar masara mai sanyi, Inna ta yi roƙon duniya kin toshe kunne. Haba Miahuatl! Haba hasken idona! Don wa na yi wannan gudun? Na kai wa baƙi wuta har ƙofar gidajensu, tawa matar tana rawar ɗari?

Na roƙe ki, ki ɗebo a maƙwabta yau ɗin nan. Wutar ɗaya ce, daga tsauni ɗaya, ita ce dai irin wadda ta wuce ta hannuna. Ki ɗora sabon kasko, ki dama kunu mai zafi, ki sha domin ku biyu.

Na san ki, ba za ki ji ba. Shi ya sa na sa garwashi a 'yar tukunya na lulluɓe shi da toka. Gobe zan kamo hanya da sanda, ko da jan ciki ne. In kin hango gurgu a kan gada yana hura tukunya kamar mahaukaci, ki share murhu.

Naki, muddin rana tana fitowa,
Mazatl