Gwangwanina da Ƙwan Shekari

Litinin, 10 ga Mayu, 1999

Bilkisu ta same ni a ofis da takardu a hannu. Wai tunda shekarar ƙarshe ce a makarantarsu, dole kowa ya yi bincike ya rubuta littafi kafin a ba shi takardar kammalawa. Ita masana'antar sabuluna ta zaɓa: yadda ƙananan masana'antu ke riƙe ingancin kayansu. Na ce, ƙanana? Ta yi dariya. "Haka ake kiransu a littafi, Baba." Mutum ashirin da biyu ke ci a ƙarƙashin rumfar nan ta Makera, amma wai ƙarama.

Duk da haka na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, na yi shekara tara ina shaƙar auduga a masaƙa a Kakuri, yau ni za a rubuta wa littafi. Kuma 'yar cikina ce za ta rubuta.

Laraba, 12 ga Mayu

Na nuna mata gwangwanin. Na madarar gari ne, da shi na auna soda ranar da na dafa tukunyar farko a 1984, bayan an sallame mu daga masaƙa. Cikinsa bakwai a kowace tukunyar alayyadi. Kowace safiya ni nake aunawa da hannuna, in jiƙa, sannan in bar wa Shekari, babban ma'aikacina, ya zuba ya tuƙa. Ba wanda ke taɓa gwangwanin nan.

Ta ce nawa ne nauyinsa a sikeli? Na ce hannuna ne sikeli. Ta rubuta. Ban san me ta rubuta ba.

Juma'a, 14 ga Mayu

Ta kawo takardun tambayoyi guda ashirin da biyu, kowane ma'aikaci ɗaya. Da Turanci. Na ce ta bar mini, zan raba musu.

Lahadi, 16 ga Mayu

Ban raba ba. Rabinsu ba sa karatun Turanci, sauran kuma wa ya san shirmen da za su rubuta a kai wa malamai su karanta? Duk abin da aka tambaya ai na fi su sanin amsarsa. Na zauna bayan azahar da biro uku, shuɗi, baƙi, ja, na cike duka. Wasu ma da hannun hagu. Wa ke tabbatar da ingancin sabulu? Alhaji. Kana jin daɗin aikinka? Ƙwarai. To ƙarya ce?

Na hutar da yarinya, shi ke nan.

Asabar, 29 ga Mayu

Soja sun miƙa mulki. Mun saurara a rediyo a bakin rumfa, ruwa na zuba. Allah Ya sa a dace.

Damina ta kankama, Shekari ya koma sayen ɗanyen ƙwansa guda ɗaya wurin mai shayi kowace safiya. Shekara da shekaru haka yake in ruwa ya sauka. Na taɓa tambayarsa, ya ce na sanyi ne. Kowa da maganinsa.

Alhamis, 3 ga Yuni

Bilkisu ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki. Ba ta ci tuwo ba.

Juma'a, 4 ga Yuni

Uwarta ce ta gaya mini, tana tsaye a bakin ƙofa, ko zama ta ƙi. Malamin da ke duba aikin, wani Dakta Jethro, ya baje takardun nan a tebur ya ce hannu ɗaya ne ya cike su. Ya ce Bilkisu ta zauna a ɗaki ta ƙirƙiro amsoshi. Za a kai ta gaban kwamiti, kuma hukuncin irin wannan kora ne. Shekara huɗu na karatu!

Na ce me ta ce masa?

"Me za ta ce, Alhaji? Ta ce ubanta ne? Shiru ta yi."

Sai Hajiya ta ƙara da cewa tun ranar Lahadin nan ta ga jan tawada a hannuna na hagu, ta dai zuba ido ne. 

Asabar, 5 ga Yuni

Da safe ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Da ma ta yi mini rashin kunya, da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 7 ga Yuni

Na sa babbar riga ta shadda na tafi makarantar. Ban taɓa shiga ba sai yau, kullum a bakin ƙofa nake sauke ta. Na jira a benci tare da ɗalibai fiye da awa guda, ni da dillalai ke jira a ƙofar ofishina.

Na zaci zan tarar da mai girman kai. Ɗan siriri ne, da alli a gwiwar hannun rigarsa. Na ce ni ne mahaifin Bilkisu Nuhu, kuma ni na cike takardun, ba ta sani ba. Maganar ta fita da wuya kamar ana cire mini haƙori.

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya fashe da dariya har ya cire tabarau.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ko a zaɓen da aka gama ba a yi irin wannan dangwale ba! Mutum ashirin da biyu, babu ko ɗaya da zafin tukunya ya dama?"

Na ce to ai gaskiya na rubuta. Ya daina dariya. Abin da na riƙe cikin maganarsa: "Wataƙila gaskiya ce. Amma taka ce. Mu tasu muke nema. In mun san amsa tun farko, me ya kai mu tambaya?"

Ya janye maganar kwamiti. Sharaɗi: sati shida, ta sake daga farko. Ta tambayi kowa da baki, da Hausa, shi kaɗai. Ta ɗebi ruwan soda ta kai ɗakin gwajinsu. Kuma kada in kasance a wurin. In ba ta gama ba, sai ta maimaita shekara.

A masana'antata. Wai kada in kasance.

Alhamis, 10 ga Yuni

Ina gama awo sai in fita. Yau har Sabon Tasha na je wai duba masu sari, alhali babu abin dubawa. Da na dawo na tsaya a bayan katanga, na ji ana ta dariya a rumfa. Ban san suna da magana haka ba.

Talata, 22 ga Yuni

Ta roƙi aron gwangwanin na yini ɗaya. Na ba ta a cikin leda biyu.

Alhamis, 1 ga Yuli

Ta zo ofis ta rufe ƙofa. Ta ce sau biyu take ɗibar ruwan soda kowace safiya: da zarar na jiƙa na fita, da kuma daf da za a zuba a tukunya. A gwaji ba su taɓa zuwa ɗaya ba. Nawa kullum ya yi rauni. Wai soda na shan danshin damina ta dunƙule, sai gwangwani ya cika a ido amma ƙarfin bai kai ba. Da nawa ake dafawa, da sabulun ya fito lagwai-lagwai yana tsatsar mai.

Na ce to me ya sa bai taɓa fitowa haka ba?

Ta sunkuyar da kai. "Baba, a kira Baba Shekari."

Ya shigo yana goge hannu a wando. Ashe ƙwan nan ba na sanyi ba ne. In na juya baya sai ya jira ruwan ya huce, ya saka ƙwan a ciki. In ya nutse, ya ƙara soda kaɗan-kaɗan har ya taso ya nuna kai kamar faɗin kwabo. Wurin kakarsa ya gani, da take sabulun toka a ƙauyensu. Damina goma sha ɗaya yana yi.

Na ce, don me ba ka taɓa gaya mini ba?

"Na gaya maka, Maigida. Shekarar da aka haifa mini Hadassah. Ka ce in na fi ka sani in je in buɗe tawa."

Na ce ban tuna ba.

Na tuna.

Asabar, 3 ga Yuli

Na ce ta cire shafin da ta rubuta maganar ƙwan. Duk garin nan an san sabulun Alhaji Nuhu da hannun Alhaji Nuhu. Malamai su karanta cewa ƙwan mai shayi ne ke riƙe da ni?

Ba ta ɗaga murya ba. "In ka ce in cire, zan cire, Baba. Sai dai wancan karon ban san ƙarya na miƙa ba. Wannan karon zan sani."

Na tashi na tafi masallaci tun ba a kira la'asar ba.

Lahadi, 4 ga Yuli

Na aika uwarta ta ce mata ta bar shafin, kada ta cire. Kuma kada ta rubuta "wani ma'aikaci" kamar yadda na gani. Mutum yana da suna.

Talata, 27 ga Yuli

Ta tsaya gaban malamai biyar, ta wuce. Ta ce minti ashirin suka yi a kan ƙwan kaɗai, har wani malamin kimiyya ya ce zai zo ya gani da idonsa. Dakta Jethro ya aiko a gaishe da "babban jami'in zaɓe". Mutumin nan ba ya da ta ido. Na sa a kai masa katan ɗaya na sabulu, Bilkisu ta ce ba a yi, sai bayan sakamako ya fito. Komai nasu da doka.

Litinin, 2 ga Agusta

An kawo sikelin da na saya. Ba don maganar kowa ba, dama ina da niyya tuntuni.

Gwangwanin yana kan teburina, na zuba biro a ciki. Ya yi kyau a wurin.

Da safe hanya ta biyo da ni ta wurin mai shayi, sai na karɓi ƙwan, tunda ga ni ga shi. Na jiƙa soda, ban fita ba. Muka tsaya ni da Shekari har ruwan ya huce, ma'aikata na satar kallonmu. Ya saka ƙwan. Ya nutse.

Ya dube ni, na dube shi.

"A ƙara kaɗan, Maigida."

Na ƙara.