Katin Motar Baban Aziza

Bur Dubai,
Yuli, 2007

Zuwa ga Yaya Mariya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Umma da yara.

Kin san tun haɗarin bara ƙugun Baban Aziza bai koma daidai ba. Mota yana tuƙawa lafiya lau, tafiyar ƙasa ce matsalar. A unguwar Al Sabkha kuwa, inda shagonsu yake, wurin ajiye mota sai can nesa, ga zafin garin nan. Kafin ya ja ƙafa ya isa shago, masu kaya sun gaji sun tafi. Mai kamfanin da yake wa aiki ya fara maganar sallama, kuma in aiki ya tafi, bizarmu ta bi shi.

Ashe katin ajiye mota na naƙasassu ba na masu keken guragu kaɗai ba ne. Wanda ba ya iya doguwar tafiya ma ana duba shi, in likita ya shaida. Na matsa masa ya je. Da likita ya tambaye shi ƙafar, sai mutumin naki ya ɗauki “da sauƙi” irin tamu ya juya ta Turanci. Likita ya rubuta yana warkewa, aka hana mu katin.

Ni dai ban karaya ba. Da ƙafata zan raka shi mu koma wurin likitan, ciwon ’ya mace na ’ya mace ne, amma wannan na gidana ne.

Ƙanwarki,
Asama’u

Bur Dubai,
Agusta, 2007

Yaya Mariya,

Ina gaishe ki, ya jikin Umma? Albishirinki, kati ya fito.

Na gaya wa likitan cewa a wajenmu ko mutum na kan gargara, “da sauƙi” zai ce, don kada ya zama marar godiya ga Allah. Sai ya sa shi ya taka zuwa ƙarshen baranda. Bai kai rabi ba ya dafa bango, gumi na zuba. Na miƙa hannu, ya ƙi kamawa. Can ya ce, “Likita, ba zan iya kaiwa ba.”

Yanzu a bakin shago yake ajiye mota, aikinsa ya tsaya daram. Ban yi nadama ba, gobe ma zan sake. Amma Yaya, tun da muka yi aure ban taɓa jin ya ce ba zai iya ba, kuma ni na sa shi ya faɗa a gaban baƙo. Ki sa Umma ta yi masa addu’a, kada ki gaya mata wannan.

Taki har kullum,
Asama’u