Kwamfutata ce ke ƙas-ƙas, ba ni na yi wa Baba ƙarya ba

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san kwamfuta. Amma tun farko in faɗa muku, wanda zai ce in je in ba da haƙuri ya riƙe shawararsa, na ji irinta har na ƙoshi.

Ni mace ce, ina aikin buga takardu a wani shago a Funtuwa, gidanmu kuma wani ƙauye ne gaba da Maska kaɗan. Bara da kaka ciwon Babanmu ya tsananta, na koma gida jinya. Wata rana da hantsi ya ce in ɗauko wayata in ɗauke shi, yana da magana. Na jingina shi da bango, ya yi magana ta minti goma sha tara, yawanci nasiha ce kan sallah da zumunci. Can wajen minti na goma sha huɗu ya ce fadamar bakin rafi ba tasa ba ce, ta Innarmu ce, gadon mahaifinta ce, shi ya roƙe ta ta ara wa ƙanensa Baffa shekarar da ruwa ya cinye masa gona, kada wanda ya sa ta cikin gado. Bayan kwana tara Allah ya yi masa rasuwa. Wayar an zare mini ita a kasuwa daga baya, Allah ya taimake ni na riga na tura bidiyon cikin laftof ɗina.

Da Inna ta fita takaba aka taru a zaurenmu maganar gado. Baffa ya ce fadamar Baba ya ba shi kyauta tun tuni, shekara goma sha biyu yana noman tumatir da rake a cikinta ba wanda ya ce masa uffan. Na ce akwai maganar Baba, na ɗauko laftof, da yake batirinta ya mutu sai aka jawo mini wuta daga janaretan maƙwabta na sa caja. Ina kunnawa ga Baba raɗau a fuska, amma muryar sai ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara, kalma ɗaya ta fita biyu su karye. Na rage murya, na ƙara, na kashe na sake kunnawa, duk ɗaya. Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Wannan ba muryar Yaya ba ce." Wai yanzu yaran birni suna sa mamaci ya faɗi abin da bai faɗa ba a kwamfuta, ƙarar da ake ji wurin ɗinkin muryar ne ya fito fili. A gaban kowa ya kira ni maƙaryaciya, ni da na yi wata biyu ina juya Baba a shimfiɗa shi yana gonarsa.

Yayanmu Sani kuma, da yake 'yar Baffa yake aure, har Funtuwa ya biyo ni ya ce in goge bidiyon in je in durƙusa, na kunyata shi gaban surukinsa, mace ba ta ja da ƙanen ubanta. Na ce masa Yaya Sani ka yi haƙuri, ƙanen uba uba ne na yarda, amma uban da ya haife ni ya bar mini amana, ban goge ta don a ce ina da ladabi.

Daga nan na zauna na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Na kunna wa'azi da wasu bidiyoyin da ke ciki, su ma ƙas-ƙas suke, ke nan ba bidiyon Baba ne ya lalace ba. Na sa iyafis ko sifikar ce ta fashe, a kunne ma haka yake. Na sauya manhajar kallon bidiyo, babu sauyi. Na kwafa a filashi na sa a kwamfutar shagonmu, wallahi muryar Baba tas, har tarin da yake yi da kukan kaji a tsakar gida ana ji. Na kai wa wani mai gyara, ko kunnawa bai yi sosai ba ya ce matsalar direba ce, wato manhajar sauti, sai an yi fomatin, na ɗauke kayata na fito, ba mai goge mini komai a cikinta. Shekaranjiya kuma aka ɗauke wuta ina cikin gwadawa, sai ƙarar ta tsaya cak. Da wuta ta dawo ita ma ta dawo. Na zare caja shiru, na mayar ƙas-ƙas. Cajar dama ba ta asali ba ce, waccan ta ƙone na sayi wannan a bakin tasha. Na ari ta wata abokiyar aikina, bakinta bai shiga ba, na zaga shaguna uku babu irin ta laftof ɗina.

To ga inda gizo ke saƙar. Ran Asabar za a zauna gaban mai gari, Baffa ya aiko cewa shi bai yarda da filashi ba, bai yarda da wata kwamfuta ba, wadda ya gani da idonsa ita za a kunna, daga farko har ƙarshe, in na tsallake ko minti ɗaya to yankewa na yi. Batirina kuma minti bakwai yake yi ya mutu, maganar fadama tana minti na goma sha huɗu. Baffa ya riga ya fara kai taki fadamar, ya san abin da yake yi.

Jiya na hau mashin na je na kunna wa Inna ba caja. Ta ji muryar mijinta tas na minti bakwai, batir ya ɗauke yana tsakiyar kiran sunanta. Sai ta ce, "Ni fadama ba ta dame ni ba 'yar nan, in Baffanku ya ce yana so in bar masa. Amma sai ya janye sunan da ya kira ki." Ni ma ba tumatirinsa nake nema ba.

Saboda haka masana, caja ce kaɗai matsalar, ko akwai abin da ya lalace a ciki? In na samu ta asali a Zariya ko Kano kafin Asabar ƙarar za ta tafi, ko batir zan nema? Sifikar bulutut za ta yi maganin abin ko ita ma za ta ɗauko shi? Akwai wani saiti na wuta da zan taɓa ba tare da fomatin ba? Sannan ku manya, in Asabar ta zo ban samu gyara ba, in bi sharaɗin Baffa in sake shan kunya, ko in ɗora kwamfutar shagonmu a mota in dire ta gaban mai gari, in ce wanda ya san muryar Baba ya saurara, wanda kuma ya ce ba ita ba ce a kawo masa Alƙur'ani ya dafa?