Agogon da Ya Ƙi Zama

'Yata,

Ina gaishe ki. Ya jikin babanki? Ya yara?

Ni lafiya lau, sai dai idona da ya fara gardama da ƙananan lambobi. Aikina kin san shi, saita agogon cikin kwamfuta. Wata huɗu ke nan yana zubar da daƙiƙa biyu kullum. In na tsare shi sai ya yi ladabi, ɗakin na ɗaukar zafi ya koma halinsa. Shugabana, sa'an ɗana, ya ce ba hutu sai ya daidaita.

Kin ce babanki ya daina cin abinci, yana ta tambayar yaushe zan zo. Kada ki ƙara sa masa rana. Ki riƙe hannunsa, ki ce ƙanensa na neman gafara.

Allah ya sawwaƙe.

Baffanki