Kada Ka Sayar da Sandunanka, Yaya

Sabon Gari, Maraɗi
Lahadi, 4 ga Mayu

Zuwa ga yayana Ilyasu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Agadir, ya sassauta maka ciwon gwiwa, ya daidaita maka sukari da hawan jini. Allah ya jiƙan matarka Fadila, ya haskaka kabarinta, ya ƙara maka haƙurin rashinta. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin da ya hana kowa sakat, ga wuta da ake ɗaukewa tun hantsi. Tsahara ɗiyata ta sauka lafiya makon jiya, an samu namiji, sunanshi Nabil, kuma kunnuwan nan naka ya kwaso duka biyu. Baba Dogo, dattijon danginmu, yana nan Tsibiri da ƙarfinshi, ƙafa ce kawai take hana shi zuwa gona, amma bakin bai rage komai ba.

Yaya, na saurari saƙon muryar da ka aiko mani ran Alhamis har sau uku. Ka ce ba za ka sabunta kuɗin shekara na filin golf ba tunda sun ƙara farashi, za ka sayar da sandunanka ka aiko da abin da aka samu, kuma ka ce dama wasa ne, bai kamaci tsoho irinka ba. Na san muryarka tun ina goye, wannan magana ba daga zuciyarka ta fito ba, ɗora maka ita aka yi. Shi ya sa ban kira ka ba na ɗauki biro, don in na kira za ka tare ni da cewa in bar zancen, ni kuwa ba zan bar shi ba. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, in ka gama ka yi fushi da ni in ka ga dama.

Ga yadda abin ya faro. Salima ɗiyarka ta sa hotonka a waya, kana tsaye kan ciyawa da farar hula da sanda a hannu, kana dariya. Shamsu ɗan ƙanenmu Zakariya'u ya gani, ya shiga bincike a wayarshi nawa ake biya a irin wuraren nan, ya juya kuɗin zuwa sefa, ya kai wa ubanshi. A daidai lokacin injin ban ruwa na lambunmu na Jiratawa ya mutu murus, zogale ya fara ƙonewa. Kafin kwana biyu zancen ya zagaya dangi, wai Ilyasu yana can yana zubar da dukiya wajen bin ƙaramar ƙwallo, 'yan uwanshi suna nan babu ruwa. Mako uku da suka wuce, bayan sallar Juma'a, Baba Dogo ya aiko in je Tsibiri. Na tarar da su a zaure, shi da Zakariya'u da Shamsu, sun riga sun gama shawara. Ni abin da ake so da ni kawai in rubuta maka takarda da sunan dangi, tunda ni ce tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, kuma an san kana jin maganata.

Zakariya'u ne ya fi zafi. Ya ce wai a can ana shayar da ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci, a nan abincin mutane yana bushewa, kuma da kuɗin ɗan uwanshi ake shayar da ita. Baba Dogo ya ce shi abin da ya dame shi mutunci ne, an tare shi a ƙofar masallaci ana tambayar ko gaskiya ne ɗan gidan Malam Gambo ya koma wasan Turawa da furfura a kai. Ya ce in rubuta maka ka daina, ka riƙa turo kuɗin gida, in kuma zaman can ya ishe ka ka dawo ka zauna cikin 'yan uwa kamar kowane dattijo. Na bar su suka gama. Sannan na tambaye su, a cikin shekara talatin da huɗu da ka yi kana tuƙa bas a Lille ta Faransa, kana fita aiki cikin sanyin da ya cinye maka gwiwoyi, wace shekara ce aka taɓa taruwa a zauren nan don a tambayi me kai kake so. Na ce wa Zakariya'u ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke bisa kanshi ya faɗa mani wa ya rufa shi. Na tuna mishi wa ya buɗe mishi shagon da yake taƙama da shi, na tuna wa Shamsu wa ya riƙe karatunshi har ya gama. Baba Dogo ban ce mishi komai ba don uba ne, amma da na ambaci kujerar Makka da ka biya mishi ya sunkuyar da kai.

Nan Zakariya'u ya faɗi maganar da har yau take ci na. Ya ce dama ya san ba zan rubuta ba, tunda an saye ni da tikitin jirgin zuwa Maroko bara. Wallahi Yaya sai da idona ya rufe. Ƙanena da na yi wa wanka, na raka shi lakwal yana kuka, shi ne zai ce an saye ni. Ban ɗaga murya ba. Na mayar da birona cikin jaka, na ce musu hannuna ba zai rubuta wannan takarda ba ko da dangi duka za su daina gaishe ni, na yi wa Baba sallama na fito na hau adaidaita zuwa Maraɗi. Ashe da na ƙi, shi ya kira ka da kanshi. Ban san me ya faɗa maka ba, amma na ji sakamakon a muryarka.

Su ba su ga abin da na gani ba. Ba su ne Salima ta kira tana kuka ba, bayan rasuwar Fadila, tana cewa Baba ya yi wata takwas bai buɗe labule ba, ba ya cin abinci sai an tsaya a kanshi, likita ya ce in bai tashi ya riƙa tafiya ba ƙafar ma za ta iya tafiya. Ba su san dalilin da ya sa ka bar Faransa ka koma Maroko ba, sun ɗauka jin daɗi ka je nema, alhali sanyi ne da tsadar rayuwa suka koro ka. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, ranar da ka kai ni filin nan dariya nake a raina, ina cewa ji tsofaffi da hankalinsu suna bin ƙwallo kamar ƙwan zabo. Amma na bi ku a ƙafa, kai da abokinka ɗan Senegal da Baturen nan tsohon ma'aikacin gidan waya mai yawan gardama. Kafin rami na bakwai ni da ba ni da ciwon gwiwa na nemi inuwa na zauna, kai kuwa kana gaba kana jan jakarka, kana tsokanar Baturen don ƙwallonshi ta faɗa ruwa. Da la'asar ta yi ka shimfiɗa darduma ƙarƙashin itace ka yi sallarka, suka tsaya suna jiranka. Tun da muka binne Inna ban ji ka yi irin dariyar ranar ba.

Na san abin yana da tsada, ba zan yi musu ba. Da ka faɗa mani kuɗin shekara sai da na riƙe baki, ya kusa kuɗin sabon inji, yanzu kuma ga ƙari. Na kuma san yadda kake ta dabara don ka rage: kana zuwa da rana tsaka lokacin da ya fi araha, ba ka hawan ƙaramar motar nan da masu hali suke haya, sandunan na hannu ka saya, ƙwallayen ma waɗanda aka tsinto daga ruwa ne. Farashin da Shamsu ya gani na manyan wuraren 'yan yawon buɗe ido ne, ba naka ba. Amma ban faɗa musu haka a zaure ba, da gangan. Ban ga dalilin da zai sa mutum mai shekara sittin da takwas ya tsaya yana ba ƙannenshi haƙuri kan yadda yake kashe fanshon da ya yi gumi a kai ba. Ko ninki biyu ne, naka ne. Ba ka ci na kowa ba, ba ka hana zakka ba, ba ka taɓa barin wani cikinmu ya kwana asibiti babu magani ba.

Kada kuma ka ce na yi watsi da lambu. Washegarin taron na tafi Jiratawa na gani da idona, gaskiya ne abin ya yi muni, layin zogale na gabas ya bushe ƙurmus, Shamsu yana ɗibar ruwa da bokiti har hannuwanshi sun yi kanta. Na tausaya mishi, yaron ba malalaci ba ne, ya saba ne da cewa in abu ya lalace a kira Baba Ilyasu, kuma mu ne muka saba mishi. Na dawo gida na kwance ragunan nan biyu da nake kiwo don kasuwar layya, na sa aka kai su kasuwa. Na kai wa Shamsu kuɗin na ce ga rabona tunda ni ma ina da gado a lambun, sauran ya je ya karɓa wurin ubanshi, shi ma ya cika da nashi. Ya yi ta juya kuɗin a hannu ya kasa kallona. Bayan kwana huɗu ya sayar da tsohon babur ɗinshi, Zakariya'u kuma ya fitar da abin da ya rage. Gado makanike ya samo musu inji na hannu mai kyau, ran Talata ruwa ya gudana. Kusan rabin zogalen ya tafi, sauran zai farfaɗo in Allah ya so. Ashe dai za mu iya, Yaya. Shekara da shekaru ba mu taɓa gwadawa ba ne.

Zakariya'u har yanzu ba ya yi mani magana, ko suna bai zo ba, matarshi ya turo. Ban damu ba, ɗan uwana ne, zai huce, in bai huce ba ni zan je shagon in zauna mishi har ya gaji. Kai dai ga abin da nake so ka sani. Duk kuɗin da kake aikowa gida da sunana suke zuwa, ni nake zuwa in nuna katina in karɓa. To in ka sayar da sandunan nan ka aiko, ba zan je ba. Su zauna can har wa'adinsu ya cika a mayar maka, ka sake aikowa in sake ƙi. Ka je gobe Litinin ka biya kuɗin shekararka, ka ɗauki hoton takardar ka turo mani, sannan ne zan amsa wayarka.

Ka gaishe mani da Salima da mijinta da yara in kun yi waya, ka ce mata ta ci gaba da sa hotunanka, kada ta cire ko ɗaya. Ka gaishe da abokan wasanka. Tsahara da maigidanta suna gaishe ka, Tasalla maƙwabciyata ta ce in tambaye ka ko man argan ɗin nan na shafawa ya ƙare a Maroko ne. Baba Dogo bai ce in gaishe ka ba, amma na gaishe ka a madadinshi. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Safiyatu Gambo