Ɗalibaina Sun Iya Zana Akwatuna, Sun Kasa Rubuta Kod

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Ni malama ce a jami'a, shekarata ta farko, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Ina koyar da rubuta manhaja, irin tsarin da ake gina komai a matsayin abubuwa, kowane abu da siffofinsa da ayyukansa. Mu da muka koya da allo da alli mun ji jiki, sai na ce ɗalibaina ba za su sha wannan wuyar ba. Na kawo wata manhaja: ka zana akwatin Abin Hawa, ka ja kibiya zuwa akwatin Mota don nuna Mota ta gaji siffofinsa, ita manhajar ta rubuta maka kod ɗin, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Ajina ya cika maƙil, har 'yan wani sashen suna leƙowa ta taga. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye miki ba.

Makon jiya wuta ta ɗauke a ɗakin kwamfuta, sai na yi musu gwaji a takarda. Cikin sittin da biyu, tara ne suka rubuta kod. Sauran akwatuna suka zana mini, masu kyau kuwa, wata har da rula da jan biro.

Jarrabawa saura mako huɗu. Shugaban sashenmu shi ya koyar da ni, shi ya tsaya aka ɗauke ni, kuma tun farko bai yarda da wannan hanya ba. Idan na hango shi sai in canza hanya. Mijina ya ce ko a teburin cin abinci kibiya nake zanawa da yatsa. Zuciyata na raya mini in shirya jarrabawar a cikin manhajar, kowa ya ci, asirina ya rufu. Tsoro nake ji, Anti.

Malama mai jaka cike da takardu

Ƙanwata, ki ja numfashi tukuna. Hanyarki ba banza ba ce. Yaron da ya zana kibiya daidai ya gane wane abu ne ya gaji wane, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa. Amma malaminki ma yana da gaskiya: hannun da bai taɓa rubutawa ba, ba zai iya ba.

Batun jarrabawa a manhaja, ki bar shi. Asirinki zai rufu bana, nasu ya tonu ranar da suka je neman aiki.

Ki mayar wa kowa takardarsa, ya juya zanensa zuwa kod da hannu, akwati ɗaya kowace rana, kwamfuta a kashe. Amma kafin nan, gobe ki fara kai wa shugabanku takardun da kanki, tare da wannan shiri a rubuce. Zai yi faɗa, ki saurara har ya gama, sannan ki roƙe shi ya shigo aji ya taya ki. Malamin da ya tsaya miki ya fi son ya ji daga bakinki.

Allah ya ba ki sa'a, ke da yaranki.