Jan Fenti a Bakin Rijiyar Baba

Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ya zafin kwalta? Tunda wajen aikin titin naku waya ba ta shiga, direbanku ya zama gidan wayarmu, Allah ya saka masa. 'Yan biyu suna lafiya, sun ishe ni da tambayar yaushe za ka dawo. Inna ma lafiya, sai dai yau kwana huɗu da gyaɗa kai kawai take amsa gaisuwata.

Ga abin da ya faru. Ƙaramar hukuma ta tura mu duba-gari mu zagaya rijiyoyi kafin damina, sai unguwarmu ta faɗo a rabona. Rijiyar ƙofar gidanmu, wadda mahaifinka, marigayi Baba, ya haƙa da hannunsa, ta zaizaye ta ciki. Na shafa mata jan fenti, na ce kada a ƙara ɗiba.

Ka san mahaifiyarka ba ta ɗaga murya. Ta ce shekara arba'in ko akuya ba ta taɓa faɗawa ciki ba, sai yau da aka ba surukarta farar riga da gwangwanin fenti. Sannan ta ƙirga mini rijiyoyi shida da muka shafa wa fenti bara, har yanzu ba a gyara ko ɗaya ba. Nan ta ɗaure ni, don gaskiya ta faɗa. Wajen rufewa babu mai saurinmu, wajen gyara kuwa sai takarda ta tsufa a kan tebur.

Mata suna ta ɗibar ruwansu, Inna na zaune tana miƙa musu guga. In kai ƙarar uwar mijina ofis? Ko in yi shiru har wata ta rufta? Wallahi tsoro nake ji, kuma ina kewarka.

Taka,
Maman 'yan biyu

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, na samu takardarka. Wai in bi ta a hankali! Faɗi gaskiya, malam, kai ma tsoronta kake. Ya tarin nan, ya sake ka? Ka riƙa ɗaure hancinka a wajen aiki.

Na je wajen shugaban sashenmu, ya ce in rubuta. Na rubuta, ya ce ciyaman na taro. Kansilanmu ya yi mini alkawari har uku yana tafiya. Da na ga ba ci, sai na dawo wa Inna.

Ranar Talata da hantsi na ciro madubin ɗakinmu, na shimfiɗa katako a bakin rijiyar. Na durƙusa na roƙe ta ta leƙa sau ɗaya tak, in ba ta ga komai ba ni da kaina zan kankare fentin. Haka muke duba rijiya a wajen aiki, mu tari rana da madubi mu jefa hasken ciki. Ta zo tana cewa yau kuma kwalliya za a yi wa ruwa. Na riƙe ta gam, ta leƙa.

Ƙasan simintin da mata ke tsayawa a kai babu komai, kogo ne da zai ɗauki mutum uku. Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago sai ta tambaye ni ko nan ne 'yan biyu ke zama suna wasa in ana wanki, alhali ta fi ni sani. Ita ta kwance igiyar gugan, ta naɗe, ta shige da ita ɗaki. Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Na samu abin da nake so, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Maman 'yan biyu

Baban 'yan biyu, abin ƙaunata,

Ina gaishe ka da kyau. Na ji daɗi da ka ce tarin ya tafi. Mu ma lafiya, yaran suna gaishe ka.

Abin da takarduna suka kasa, Inna ta yi shi a kwana uku. Ta kwashi matan unguwa da bokitansu babu ruwa, suka zauna a barandar ofishin ciyaman. Ba zagi, ba hayaniya. Duk wanda ya fito sai su gaishe shi, su tambayi lafiyar iyalinsa, har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ni kuwa ta ƙofar baya nake shiga aiki. Rana ta uku aka turo tankar ruwa da injiniya, kuma an fara haƙa burtsatse kusa da makaranta.

Yanzu ka zauna. Injiniyan ya ce rijiyar ba ta gyaruwa, sai cikewa, in ba haka ba, za ta ja katangar gidan. Aka kawo takarda, na sa hannu. Ranar Asabar aka cike ta. Inna ta ce kada lebura ya fara, ita ta zuba kwanon ƙasa na farko. Da ta ɗauki kwanon, sai ta ce mini, “'Yata, zo ki tallafa mini.” Tare muka zuba, kuma tare muka yi kukanmu a gaban mutane.

Da ta ga ina rubuta wannan, ta ce in gaya maka ita ta sa aka cike, kada ka ji haushin kowa. To, na isar da saƙonta. Amma ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba zan fara yau ba. Sa hannun nawa ne, kuma ko gobe aka sake kawo takardar zan sa. Na san abin da mahaifinka ya bar maka ke nan, kuma ba ka samu ka yi mata kallon ƙarshe ba. Ka yafe mini.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu